Amsar Tambaya: Taswirar Gonaki Tana Ɓacewa a Shafina

Tambaya: Malam, na gina wa ƙungiyarmu ta masu amfani da ruwa a Kura shafi da Django, don rajistar gonaki da ranakun ban ruwa. Na saka taswirar Leaflet, amma da zarar htmx ya sabunta fom sai ta ɓace. Ina mafita?

Amsa: Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Laifin ba na Django ba ne. JavaScript ɗinka sau ɗaya yake tashi, lokacin da shafi ya buɗe. Idan sabar ta aiko sabon yankin HTML, htmx yana cire tsohon akwatin taswirar ya dasa wani da ba a kunna ba. Ka mayar da umarnin kunnawa cikin htmx.onLoad, ka kira remove a kan tsohuwar taswira kafin musanya. In ta fito rabi hoto rabi toka-toka, invalidateSize ne maganinta.

Abin da ya fi damuna shi ne wurin da manomi ya dangwala da yatsa a kan taswirar. Taswira ba ta aika komai da kanta. Ka zuba lambobin wurin a ɓoyayyun guraben fom, Django ya tantance su kafin ajiyewa, domin ruwan madatsar Tiga da ake rabawa ta magudanai abu ne da kuskure kaɗan a cikinsa kan haɗa maƙwabta faɗa.

Ka tuna da mai shinkafa a Bunkure ko mai tumatir a Kadawa, riƙe da ƙaramar waya, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Ka tanadar masa jerin sunayen sassa da zai zaɓa ko taswira ba ta buɗe ba. Don Allah ka je bakin gona ka gwada shafin a wayarsa kafin ka miƙa wa ƙungiya.