Ruɓar Katako: Yadda Za Ka Bambance 'Yan'uwa Biyu

Tambaya: Malam, ina zaune a wani tsohon gida a Ingila. Katakon daɓen ɗakina ya soma lotsawa, na ɗaga na tarar da wani abu mai launin tsatsa ya shimfiɗu a jikinsa. Mene ne wannan?

Amsa: Ɗan'uwa, bisa kwatancenka naman gwari ne dangin Serpula, kuma iri biyu ne ke yawan rikita mutane. Dukansu suna manne wa mataccen itace kamar ɓawo, tsakiyarsu ruwan tsatsa, gefensu fari. Suna cinye ƙarfin katako ya koma ruwan ƙasa, ya tsattsage gida-gida, in ka murza ya zama gari. Amma ɓarnarsu ba ɗaya ba ce.

Serpula lacrymans shi ne mugun. Yana da kauri da taushi, yakan yi ɗigon ruwa a jikinsa, ya baza jar ƙura a kan daɓe. Makaminsa jijiyoyi ne masu launin toka da ke ratsa bulo da filasta, suna jawo ruwa daga inda yake yoyo zuwa katakon da ke nesa. In sun bushe, karyewa suke ƙas idan ka lanƙwasa. Ya fi bunƙasa a wajen digiri 20, zafi mai yawa kuwa na tsayar da shi.

Serpula himantioides ɗan daji ne, ya fi son faɗaɗɗun itatuwa masu ganye kamar allura. Siriri ne, da wuya ya wuce milimita 2, ana iya ɓare shi kamar fata, jijiyoyinsa kuma ƙanana. Yakan shiga gida, amma ba ya nisa da inda ya samu danshi.

Ko wanne ne, fara da ruwan. Nemo inda yake shigowa, rufi ne, indararo ko bututu, ka gyara. Buɗe kafofin iska na ƙarƙashin daɓe, domin katakon da danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba ya fi ƙarfinsu. Kada ka shafa fenti ka rufe. Idan mai kaurin ne, kira masanin gini ya bi jijiyoyin cikin bango, a yanke ruɓaɓɓen katako har da ƙarin tazara, a sa wanda aka yi wa magani. In haya kake, rubuta wa mai gidan yau, ka haɗa da hoto.