Tsabtar Ruwa A Tankin Tarwada

Mutane da yawa yanzu suna kiwon tarwada a tankin siminti a bayan gida, amma kaɗan ne suka san abin da ke ɓata musu ruwa.

Ga yadda abin ya ke. Kashin kifi da ragowar abincin da ya ruɓe su kan ba da amoniya, ita kuwa guba ce. Waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su kan juya ta sannu sannu, har ta zama wani irin gishiri da a ke kira naitiret. Bai kai amoniya dafi ba, amma taruwa ya ke yi. In ya yi yawa sai gansakuka ta rufe ruwa, girman kifi ya ja baya.

To, cika tanki bayan rana ta shanye ruwa ba magani ba ne, gishirin yana nan. Lalle sai an zubar an sake. A lura da lissafi: in ka zubar da kashi 1 cikin 4 yau, ka cika, gobe ka maimaita, saura kashi 9 cikin 16. Watau ko rabi bai fita ba! Saboda haka gara a rage abinci tun farko, a ba su abin da za su cinye nan take. A riƙa zuƙo ruwan da tiyo daga ƙasa, inda datti ya ke kwanciya. A guji rijiyar da ke kusa da masai, ta kan zo da nata naitiret.

Ruwan da aka zuƙo kuwa, a kai wa alayyafo da tumatir, taki ne.