Tsohon YZ125 da na saya: duba waɗannan kafin ka buga kiki

Waɗanda suka kalli bidiyon makon jiya sun hango babur a bayana an tuɓe shi, injin a kan tebur, har wasu na tambaya ko mun bar waya da kwamfuta mun koma kanikanci. Ba mu bari ba. Darasi ne na saya da tsada, na ga gara ku ku same shi kyauta.

Yamaha YZ125 ne ƙirar 2006, irin na tseren ƙasa da taɓo, na saye shi na hannu a kusa da Leeds nan Ingila. Injinsa mai bugu biyu ne, wanda makanikai ke kira tu-sitirok. Duk wanda ya taɓa hawa Jincheng ɗin 'yan acaɓa a gida ya san hayaƙin da ƙarar. Sai dai Jincheng na da tankin man 2T daban da famfon da ke zuba shi, shi kuwa YZ da hannunka za ka cakuɗa man da fetur.

A irin wannan injin, fetur da mai da iska suna fara shiga ƙasa, ɗakin kiranshaf, kafin su hau saman fistin. Wannan cakuɗen ne kaɗai ke shafa wa boris da fistin mai, shi ne kuma ke rage musu zafi. Saboda haka dole ɗakin ya kasance a toshe ruf. Iska ta ɓarauniyar hanya ta shiga, fetur ya yi kaɗan, zafi ya tashi, injin ya ci kansa.

Abin da ya same ni ke nan. Ranar da na je saye na tarar da injin da ɗumi, an riga an tayar da shi, ban ce komai ba. Na kuma lura idan na murɗa na saki, ƙarar ba ta sauka da wuri, sai ta maƙale a sama. Ni a wautata na ɗauka ƙarfi ne. Fita ta biyu a filin tsere, ina tsakiyar gudu, tayar baya ta tsaya cak. Allah ya sa yatsuna na kan kuloci na matse. Da muka buɗe, sil ɗin kiranshaf na gefen hagu ya bushe yana shan iska, fistin ya kumbura ya kama silinda. Cikin silindar YZ kuma shafe yake da wani siririn ƙarfe mai tauri, ba a faɗaɗa shi kamar na tsofaffin babura, sai dai a aika a sake shafe shi. Sil ɗin da bai kai kuɗin cin abincin mutum biyu ba ya ja mini duk wannan.

To idan za ka saya, ka ce a bar maka injin a sanyaye, ka taɓa da hannunka ka tabbatar. Injin da ya gaji yana wahalar tashi da sanyi, shi ya sa ake ɗumama shi kafin ka iso. Ka nemi izinin cire salansa, 'yan sifirin ne da ƙusoshi kaɗan, ka haska fitilar waya ta ramin hayaƙi. Za ka ga gefen fistin da ringi ƙuru-ƙuru. Layuka a tsaye kamar an karce da ƙusa, ciniki ya canza. Ka duba lambar firam kuma. Idan an goge ta ko an sake bugawa, wallahi ka kama hanyarka, satar irin waɗannan babura ta yi yawa a nan.

Ka kawo shi gida? Kar ka hau tukuna. A toshe mashigar kafireta da ramin hayaƙi, a hura iska kamar psi 5 ko 6, kar a wuce, a zuba wa agogon ido na 'yan mintuna. Idan allurar na sauka, fesa ruwan sabulu a kan sil da gaskit da robar da ke riƙe kafireta, inda kumfa ya taso nan ne ɓarakar. Sil na dama alamarsa daban ce: man giya yake tsotsa, sai ka ga hayaƙi ya yi kauri, fulogi na jiƙewa, man giya na raguwa ba tare da ka ga ɗigo a ƙasa ba.

Sai haɗin mai, inda aka fi yin musu. Littafin Yamaha 30:1 ya ce, wato mililita 167 a lita 5 ta fetur. Wasu na yin 40:1, mililita 125 ke nan. Abin da mutane da yawa ba su gane ba, mai da fetur rami ɗaya suke bi a kafireta. Idan ka ƙara mai don tausayin injin, ka rage fetur ɗin da ke wucewa. Ni shawarata, zaɓi ma'auni ɗaya, a saita kafireta a kansa, ka daina canzawa. Kuma ka auna da kofin awo, ba da ido ba. Tun Satumban 2021 fetur na yau da kullum a Birtaniya ya koma E10, mai yawan itanol, wanda ke jan danshi yana cin tsohuwar roba. Ni E5 nake saya, kuma idan babur zai kwana biyu a ajiye ina tsiyaye kafireta.

Soson tace iska a wanke shi bayan duk fita mai ƙura, ya bushe, a shafe shi da mansa na musamman. Busasshen soso ƙura yake tankaɗe wa injin.

Canza fistin ba abin tsoro ba ne, silinda ɗaya ce. Kibiyar da ke samansa ta kalli wajen salansa. 'Yan zobban da ke riƙe fil ɗin fistin kar ka sake amfani da tsofaffi, kuma ka cusa tsumma mai tsabta a bakin ɗakin kiranshaf kafin ka taɓa su. Nawa ɗaya ya yi tsalle, tsumman ne ya tare shi, da sai an raba injin gida biyu.

Ga 'yan uwa na nan Ingila: YZ ba shi da fitila ba shi da lamba, hawansa a titi ko wurin shaƙatawa laifi ne, 'yan sanda na iya ƙwace shi. A mota ake kai shi fili.

Silindata ta dawo jiya. Zan haɗa, in sake gwajin iska, in ɗumama shi ya huce sau biyu ko uku kafin in murɗa masa sosai. In sha Allah za ku ji ƙararsa a bidiyo na gaba.