Kafin Ka Hau Keke Daga Kontagora Zuwa Zuru

Hanyar da ta bi ta Rijau ta nufi Zuru tana ƙara tudu da gangare yayin da ka kusanci ƙasar Zuru, don haka tsara tafiyar tun kana gida.

Fara da tambayar tsaro. Ka san halin da yankin ke ciki da 'yan bindiga. Je tasha ka tambayi direbobin da suka biyo hanyar jiya, da 'yan acaɓa. Su suka san inda ake bi da inda aka daina bi. In sun ce dakata, dakata.

Tashi bayan sallar asuba, ka sauka kafin la'asar, kada magariba ta riske ka a daji. Kai keken wajen mai gyara ya duba birki sosai, domin gangare ya fi hawa hatsari, musamman inda tsakuwa ta zube. Tudun da ya gagare ka, sauka ka tura. Riƙi famfo, faci, ƙarin tif, ruwa mai yawa da ƙuli-ƙuli.

Ku tafi biyu ko uku. Inda dare zai yi muku, ku fara gaida mai gari.