Yadda Ake Rabuwa da Gahawa Ba Tare da Kai Ya Tsage Ba

Gahawa ba ta cikin abin da muka gada a tukunyar kakanni. Asalinta ƙasar Habasha, kuma sufayen Yaman ne suka shahara da shanta tun ƙarni na 15 don su raya dare da zikiri. Mu kuwa ta teburin mai shayi ta shigo mana, a cikin gwangwanin Nescafé, garin nan da kamfanin Nestlé ya fara sayarwa a 1938. Aikinta dai bai canza ba, har yau raya dare take yi. Tela a goman ƙarshe na azumi, direban tirela tsakanin Legas da Kano, ɗalibin da jarrabawa ta ƙure wa lokaci, ma'aikaciyar jinya mai kwanan asibiti, duk sun san darajar cokali biyu a ruwan bunu. Ni ma aikin dare ne ya haɗa ni da ita, kuma ba zan ci amanarta ba, ta yi mini rana. Amma akwai lokacin da barci ke ƙaurace wa ido, gaba ta riƙa faɗuwa ba dalili, ƙirji ya riƙa ƙuna, ko mace ta samu juna biyu likita ya ce ta rage. A nan ne mutum yake gane cewa sabo turken wawa ne.

Kafin a taɓa cokali, yana da kyau a san da wa ake kokawa. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, shi ne ke kawo hamma da nauyin ido. Kafeyin, sinadarin da ke cikin gahawa, yakan riga shi zama a kujerarsa, sai saƙon gajiya ya rasa inda zai sauka. Idan abin ya zama kullum, ƙwaƙwalwa takan daidaita kanta da wannan baƙo. Ranar da bai zo ba, gajiyar da aka tare sai ta afko gaba ɗaya. Haka kuma kafeyin yana tsuke jijiyoyin jinin kai. Da an janye shi sai su saki, jini ya ƙaru, kai ya fara sarawa. Masu bincike biyu a Amurka, Laura Juliano da Roland Griffiths, sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi a kan wannan a 2004. Abin da suka samu shi ne alamun kan fara awa 12 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe, su yi tsanani tsakanin awa 20 da 51, su ɗauki kwana 2 zuwa 9. Kusan rabin masu dainawa ne ke fama da ciwon kai. Waɗannan alƙaluma su ne taswirar tafiyar duka.

Matakin farko ƙidaya ce, kuma ba kofunan gahawa kaɗai ake ƙirgawa ba. Ka ɗauki mako guda kana rubuta duk abin da ya shiga bakinka mai kafeyin. Babban kofin Nescafé yakan ɗauki miligiram 60 zuwa 100, gwargwadon nauyin hannun mai zubawa. Ledar Lipton ɗaya kusan 40 zuwa 50. Ƙaramar kwalbar Coca-Cola wajen 35. Ƙaramin gwangwanin Red Bull 80. Goro kuwa, wanda ba ma ɗaukarsa a bakin komai, bai gaza 'ya'yan gahawa ƙarfi ba, don kusan kashi 2 cikin 100 na busasshensa kafeyin ne. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce 400 a yini ita ce iyakar baligi mai lafiya, a Birtaniya kuma ana shawartar mai ciki kada ta wuce 200. Sai dai ba sai an kai can ake kamuwa ba. Miligiram 100 kullum, wato kofi guda na safe, ya isa ya sa kai ya yi ƙorafi ranar da aka tsallake.

Sai zaɓen lokaci. Tela ba ya fara wannan ana saura mako biyu Sallah, direba ba ya farawa ranar da zai ɗau hanya, don gyangyaɗi a kan sitiyari ya fi kowace gahawa haɗari. Wanda yake so ya shiga azumi da kai sakayau, ya fara tun Rajab ko farkon Sha'aban. Ciwon kan nan da ke damun mutane da la'asar a ranar ɗaya da ta biyu ga Ramadan, wanda ake ɗora wa yunwa da rana, a wurin masu shayi da goro da gahawa yawanci wannan ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kofin da ake fara sallama shi ne na yamma. Jiki yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya fitar da rabin kafeyin ɗin da aka sha, don haka wanda ya sha bayan magariba zai kwanta da rabinsa a jini. Ya kwana yana juyi, ya tashi a gajiye, ya nemi cokali uku da safe, haka abin zai yi ta zagaye. Ka ja layi a azahar: bayan ta babu gahawa, babu goro, babu lemon kwalba mai duhu. Wannan matakin ba ya wahala sosai, kuma ladarsa tana zuwa da wuri, don barcin da ya gyaru shi zai ɗauki nauyin sauran aikin.

Daga nan sai aikin cokali. Cokali ɗaya za ka ware, kada ka canza shi, kuma a shafe ake auna shi, ba a tsiri ba. Duk mako ka rage kamar rubu'in abin da ka saba. Mai cokali huɗu ya koma uku, sannan biyu, sannan ɗaya. Girman kofi da zafin ruwa da madara da lokacin sha duk su zauna yadda suke, don baki da hannu ma suna da nasu sabon, bai kamata a yaƙe su rana ɗaya da ƙwaƙwalwa ba. Wanda ke samun gahawar da aka cire wa kafeyin a manyan kantuna, ya riƙa cike gurbin da ita, launi da ƙamshi su tsaya daidai.

Idan a teburin mai shayi kake sha, dole ka sa shi cikin shirin, don hannunsa ya riga ya haddace ka. Mai shayin da ya ƙware yana riƙe da haɗin mutum hamsin a kansa ba tare da rubutu ba: wane mai kauri, wane ba sukari, wane sai an sheƙa masa tsakanin kofi biyu har ya yi kumfa. Na unguwarmu da na gaya masa niyyata, sai ya tsaya da cokali a sama ya ce, "Malam, lafiya dai ko? Ko likita ne ya hana?" Na ce barci nake nema. Ya ce, "To bar ni da shi, ni zan riƙa ragewa, kai dai kada ka leƙa." Haka ya yi, kuma ya fi ni iyawa. Yakan ƙara citta da kanumfari a ruwan yadda yajin zai rufe ramar da gahawar ta yi, har sai ka sha rabi kafin ka tuna an rage maka wani abu.

Inda gizo ke saƙa, wato tarko na farko, shi ne cokalin ƙarshe. Daga huɗu zuwa uku rubu'i ka cire, amma daga ɗaya zuwa babu, duka ka cire, kuma jiki ya san bambancin. Yawancin waɗanda na ga sun koma, a nan suka faɗi. Don haka kada ka yi tsalle. Cokali ɗaya ya zama rabi na mako guda, rabi ya zama ɗan abin da zai rina ruwa, ko ka koma ledar shayi ɗaya da za ka tsoma minti guda ka cire. Ka shirya ranar kofin ƙarshe ta faɗo daidai jajibirin hutunka, domin ranar yaudara ce. Za ka wuni garau har ka fara yi wa kanka kirari. Washegari da hantsi ne ciwon kan zai iso.

Yakan fara da nauyi a bayan idanu, sannan ya bazu zuwa goshi da ƙeya, yana bugawa. Idan ka sunkuya ɗaure takalmi ko ka yi sujada sai ka ji kamar kan zai zube. Hamma ba ƙaƙƙautawa, layi ɗaya na rubutu sai ka karanta shi sau uku, ƙarar yara da ba ta taɓa damunka ba ta zama abin faɗa. Wasu har da tashin zuciya da ciwon gaɓoɓi, shi ya sa da yawa ke cewa zazzaɓin cizon sauro ne, su nufi kemis. A kemis ɗin ne tarko na biyu yake. Mai kemis zai miƙo Panadol Extra, ka haɗiya biyu, cikin awa guda kai ya washe, ka ce maganin nan akwai kyau. Kowace ƙwaya tana ɗauke da miligiram 65 na kafeyin, biyu 130, wato ka sha fiye da kofin da kake gudu. An gudu ba a tsira ba. Idan za ka sha magani, ka nemi farasitamol zalla, ka karanta bayan kwalin da idonka, ka tsaya kan ƙa'idar da aka rubuta, kuma kada ya zama na kullum, don yawan shan maganin ciwon kai shi ma yana haifar da nasa ciwon kan.

Tarko na uku yana aljihun abokai. Ka ce ka bar gahawa, wani ya ɓara goro ya miƙo maka ɓari, ka tauna da zuciya ɗaya. Shi ma mayar da hannun agogo baya ne.

To me ake yi a wannan rana? Ruwa da yawa, abinci a kan lokaci, ƙailula ta minti 20 bayan azahar, tattaki idan rana ta yi sanyi, tsumma mai sanyi a goshi. Idan abin ya fi ƙarfinka, ga dabarar da gwanaye ke yi: maimakon cikakken kofi, ka sha kurɓi uku ko huɗu na shayi, ka jira rabin awa zuwa awa ɗaya. Ɗan kaɗan ya isa ya kwantar da ciwon ba tare da ya rushe abin da ka gina ba. Wannan kurɓin kuma gwaji ne. Idan kai ya saki, da alama rashin kafeyin ne. Idan bai saki ba, ko akwai zafin jiki da rawar ɗari, ko wuya ya sanƙare, ko gani ya dushe, ko ciwon ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba ka taɓa ji ba, ko ya zarce kwana goma, to maganar ta wuce gahawa, asibiti za ka. Mai hawan jini ya auna jininsa a kwanakin nan, kada ya ɗora wa cokali laifin da ba nasa ba.

Daga rana ta huɗu abin yakan fara sassautawa, sauran kuwa haƙuri ne kawai. Abin da ya rage shi ne a cike kofin, don hannu ba ya son zama haka nan. Ruwan citta da lemun tsami, na'a-na'a, kanumfari, zoɓo mai ɗumi, kunun tsamiya ko na gyaɗa da safe, babu mai kafeyin a cikinsu. Milo da Bournvita suna da ɗan kaɗan saboda koko, bai kai a damu ba, sai dai sukarinsu. Wasu kan yi fama da taurin bahaya na 'yan kwanaki, saboda gahawa ce ta saba motsa musu hanji. Gwanda da ganye da ruwa sun isa.

Wanda ya fi shan wuya shi ne ɗan majalisar hira, wato fada. A Damagaram ko Maraɗi ko Agadas, zaman fada ba ya cika sai da 'yar buta a kan gawayi, ana dafa shayi zagaye uku, na farko mai ɗaci, na ƙarshe mai zaƙi. Cewa ka daina sha kamar cewa ka daina zuwa ne. Ba sai ka ƙaurace wa mutane ba. Ka bar na farko ya wuce ka, ka karɓi na uku wanda ganyen ya riga ya saki yawancin ƙarfinsa, ko ka karɓi aikin fifita wuta da sheƙa kumfa, wanda dama mai yinsa ba ya samun sukunin sha sosai.

Bayan wata guda za ka lura da abubuwa biyu. Safiya ta daina jiran kofi kafin ta fara, barci kuma yana zuwa da kansa bayan isha'i. Ƙamshin dai ba ya fita daga rai. Har gobe idan na wuce teburi da sanyin asuba, na ji an buɗe sabon gwangwani, sai ƙafata ta rage sauri. Wanda ya ga dama yana iya sha jefi-jefi, ranar doguwar tafiya ko aikin da ba makawa, zai ma tarar rabin cokali yana yi masa abin da uku ba sa yi a da. Sharaɗin guda ne, kada a jera. Kwana uku a jere na sha mai yawa sun isa jiki ya sake neman hakkinsa.

Goron ɗaurin aure da na suna kuwa ba a mayar da shi, rashin ladabi ne. Ka karɓa da hannu biyu, ka yi addu'a, ka sa a aljihu. A kowace unguwa akwai tsohuwar da za ta sa maka albarka saboda shi.