Kafin Ku Ɗaure Kaya Zuwa Mararaba Ko Suleja: Shawarwari Ga Iyalin Da Hayar Abuja Ta Ishe Su

Duk lokacin da wa'adin haya ya ƙarato, akwai gidaje da yawa a Abuja da barci ke ƙaurace wa. Mai gidan haya ya aiko da takarda ya yi ƙari, albashi kuwa yana nan inda aka bar shi bara. Daga nan sai maigida da uwargida su zauna bayan yara sun kwanta, su fara jero sunayen garuruwa: Mararaba, Ado, Masaka, Madalla, Suleja, Zuba, Gwagwalada, Kuje. Tun da gwamnati ta tare a Abuja a watan Disambar 1991 ƙaramin ma'aikaci ke wuni a cikin birni yana kwana a bayansa, kuma rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake minista, ya ƙara tura iyalai masu yawa jihohin Nasarawa da Neja.

Ni ba na hana kowa tashi. Na ga gidajen da ƙaurar ta zame musu alheri, yara suka samu tsakar gidan wasa, iyayen suka yi tanadi har suka gina nasu. Na kuma ga waɗanda suka dawo bayan shekara guda da bashi a wuya. A nawa ganin, na farkon sun lissafa duk abin da ƙaurar za ta ci, na biyun kuwa kuɗin haya kawai suka duba.

1. Ku ɗauki biro da takarda ku yi lissafin shekara guda. A gefe ɗaya ku rubuta abin da za ku rage a haya. A ɗaya gefen ku rubuta kuɗin mota na duk wanda zai riƙa shiga gari a gidan. A ce, misali, tun daga acaɓan da zai fito da kai bakin titi har motar da za ta sauke ka ƙofar ofis naira 1,500 ne, dawowa ma haka. Kwana 22 na aiki sun tashi naira 66,000 a wata, kusan dukkan mafi ƙarancin albashin nan na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. A shekara naira 792,000 ke nan, na mutum ɗaya. Idan uwargida ma tana aiki a gari, a ninka. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya daina zama ƙaramin abu, saboda haka kada ku yi aiki da farashin da wani ya faɗa muku bara. Ku tambayi na makon nan, na safe daban, na yamma daban, domin direbobi suna ƙarawa idan fasinja ya yi yawa ko hadari ya haɗu. Sannan ku ƙara abincin rana, tunda zuwa gida cin abinci ya ƙare.

2. Ku lissafa lokaci kamar yadda kuka lissafa kuɗi. Wanda ke cin awa biyu a hanya da safe, biyu da yamma, yana ba titi awa 88 a wata, fiye da kwana uku da rabi. Daga barcinsa ake yankar waɗannan awoyi, da hirar iyali, da duba karatun yara, da zumunci. Na san magidantan da ke fita kafin a kira Asuba, su yi sallar a tasha, su dawo bayan Isha'i, ƙananan 'ya'yansu sai ranar Asabar suke ganinsu a farke. Wasu suna iya jurewa shekara da shekaru. Mai hawan jini, ko ciwon baya, ko mace mai ciki, su yi wa kansu tambayar da kyau kafin a biya kuɗin gida.

3. Wurin aikinka ne zai zaɓa maka gari. Mai aiki a Asokoro, Garki ko Sakatariyar Tarayya, hanyar Keffi ce ta fi kusa da shi: Nyanya, Mararaba, One Man Village, Ado, Masaka. Sai dai hanya ce guda da kowa ke bi, kuma daga Mararaba zuwa gadar Nyanya, zuwa hawan Kugbo har AYA, tirela ɗaya ta lalace ta isa ta tsayar da jama'a rabin safiya. Mai aiki a Jabi, Utako, Gwarinpa ko Life Camp ya dubi ɓangaren Kubwa, Dei-Dei, Zuba, Madalla da Suleja. Akwai nisa, amma titin yana da faɗi. Na wajen filin jirgi da Lugbe kuwa Kuje da Gwagwalada sun fi masa. Kada ku ɗauki gida don kawai wani ɗan'uwa yana unguwar, alhali kullum sai kun ratsa birnin gaba ɗaya kafin ku isa aiki.

Kafin ku biya ko kwabo, ku gwada hanyar. Dillali ranar Lahadi da rana yake son kai mutum, lokacin da titi yake fayau. Ka nemi wanda za ka kwana wurinsa a unguwar daren Lahadi, ka tashi Litinin ka tafi aiki daga can, ka sake bin hanyar ranar Juma'a da yamma. Gani ya kori ji. Idan Kubwa ce, ka leƙa tashar jirgin ƙasa na cikin gari da aka dawo da shi aiki a 2024, ka ga ko lokutan tashinsa sun dace da naka.

4. Ruwa. Yawancin waɗannan unguwanni ruwan famfo na gwamnati bai kai su ba, rijiya ce da burtsatse da mai ruwa. Kada ka tambayi mai gidan, matan da ke haya a gidan za ka sa uwargida ta tambaya: rijiyar tana ƙafewa a watan Maris da Afrilu? Wa ke sayen man da ake tura ruwa tanki idan babu wuta? Nawa ake sayar da kurar ruwa da rani? Gidan da ke da yara huɗu, ga wanki, ga girki, kuɗin mai ruwa kaɗai yana iya cinye rabin abin da kuka rage a haya. Ku duba kuma tazarar rijiya da ramin masai. Idan suna maƙwabtaka, ku bar gidan komai kyansa.

5. Wuta. Kamfanin AEDC ne ke raba lantarki a Abuja da Nasarawa da Neja, kuma an kasa layuka rukuni-rukuni, daga A mai alƙawarin awa 20 a rana da kuɗi mafi tsada, zuwa E mai awa 4. Ku san rukunin da unguwar take. Ku nemi gida mai mitar kati taku ta kanku, domin mitar haɗaka ita ce tushen rabin faɗan gidan haya. Idan akwai tsohon bashin wuta a kan gidan, a rubuta a yarjejeniya cewa ba naku ba ne.

6. Ku je ganin gida da damina, in da hali washegarin ruwa mai ƙarfi. Ku dubi gindin bango, alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa ba ta ɓoyuwa ko an shafa fenti. Ku dubi layin, mota tana iya shiga, ko sai an tuɓe takalmi an taka zuwa titi? Ambaliyar da ta ci gidaje a Lugbe a watan Yunin 2023 ta isa izina ga duk mai sha'awar gida a bakin rafi don arha.

7. Maigida, kada ka yanke wannan shawara kai kaɗai. Wannan ita ce shawarar da na fi so a riƙe, domin ita aka fi tsallakewa. Kai za ka fita da duhu ka dawo da duhu, ita ce za ta wuni a unguwar da ba ta san kowa ba. Ita za ta fuskanci ranar da ruwa ya yanke, ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi kana can bayan gosulo na awa biyu, ranar da gas ya ƙare ana tsakiyar girki. Idan tana da 'yar sana'arta a tsohuwar unguwa, ɗinki ko kitso ko sayar da kayan miya, masu sayenta ba za su biyo ta Masaka ba, sai ta fara daga tushe. Idan mahaifiyarta ko 'yar'uwarta tana kusa da inda kuke yanzu, wannan ma wani jari ne da za a bari a baya.

Saboda haka ka kai ta ta ga gidan da idonta, ta shiga kicin, ta gaisa da matan maƙwabta, ta san nisan kasuwa da injin niƙa. Ku amince tun yanzu a kan kuɗin ko-ta-kwana da za su riƙa zama a hannunta, da lambar mai Keke Napep amintacce guda ɗaya a unguwar da za ta iya kira ko da tsakar dare. Wani sauƙin kuma ita za ta fara ganinsa: kayan miya da 'ya'yan itace a Kasuwar Orange ta Mararaba ko kasuwar Zuba sun fi na cikin gari rahusa, kuma mai iya sari tana iya mayar da wannan sana'a.

8. Makarantar yara ta kasance kusa da gida. Tayar da ɗan shekara shida ƙarfe huɗu da rabi don ya bi babansa gari zalunci ne, ko da ba a yi niyya ba. Ku daidaita tashi da hutun ƙarshen zango, musamman dogon hutun Agusta, ku karɓo sakamako da takardar canjin makaranta tun kafin a rufe. Wanda ke ajin ƙarshe na sakandare ya riga ya yi rajistar WAEC ko NECO, gara a bar shi wurin dangi ya kammala. A nemi Islamiyya tare da ta boko, kada a ce sai an natsu, domin wata uku na zaman banza suna zubar da haddar shekara.

9. Ku san asibitin da za ku nufa da dare tun ranar farko. Masu zama ɓangaren Masaka suna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi, na Gwagwalada da Zuba suna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja, akwai kuma manyan asibitoci a Nyanya, Kubwa da Suleja. Mai inshorar lafiya ta ma'aikata ya nemi a mayar da rajistar iyalinsa asibitin da ke kusa. Mai juna biyu ta koma awo can da wuri, naƙuda ba ta jiran titi ya buɗe.

10. Ban da kuɗin haya akwai kason dillali, da na lauya, da kuɗin ajiya na gyara. Ku tambayi jimilla kafin ku ce kuna so. Kada ku biya wanda ba ku tabbatar shi ne mai gidan ko wakilinsa na gaskiya ba, ku biya ta banki, ku karɓi rasit da yarjejeniya mai sa hannun shaidu.

11. Idan fili za ku saya, ku ninka taka-tsantsan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, a Abuja kuwa minista ne ke bayar da fili. Ma'ana, takardar da dagaci ko wani dattijon gari ya rubuta maka a Kuje ko Bwari ba za ta tsayar da katafila ba ranar rusau. Abin da ke cikin Babban Birnin Tarayya a bincika shi a ofishin AGIS, na Mararaba da Masaka da Keffi a NAGIS ta jihar Nasarawa, na Suleja da Madalla a ma'aikatar ƙasa ta jihar Neja. Ku je da kanku ko lauyanku, zuwa da kai ya fi aike. Ku tambayi masu iyaka da filin ta kowace kusurwa, domin fili ɗaya a sayar wa mutum uku ba baƙon labari ba ne a waɗannan wurare. Filin gado kuma sai duk magada sun sa hannu. Ku nisanci ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki da gefen babban titi. Shawarata ita ce ku yi hayar shekara guda a garin tukuna. A cikin shekarar za ku san unguwar da ruwa ke ci, da wadda ɓarayi suka saba wa, da wanda maganarsa ke da nauyi.

12. A hanya, ku shiga mota a tasha. Masu fashin nan da ake kira 'yan wan-cans sun fi farautar wanda ya tsaya shi kaɗai a bakin titi da asuba ko bayan magariba, yana sauri, ya faɗa duk motar da ta tsaya. Motar da gilashinta ke da duhu, ko wadda mutanen cikinta suka matsa maka ka shiga tsakiya, ka bar ta ta wuce. Mafi kyau ku haɗu ku huɗu 'yan unguwa ɗaya masu aiki a yanki ɗaya, ku riƙa haɗa kuɗin mai ga mai mota a cikinku. Ga sauƙi, ga aminci, ga wanda zai neme ka idan bai gan ka ba.

13. Ku shiga unguwa da sallama. A makon farko maigida ya je ya gaida mai unguwa, ya gabatar da kansa ga liman da jama'ar masallaci, ya shiga kuɗin 'yan sintiri. Da yawa daga waɗannan garuruwa ƙasar Gbagyi ce tun kafin a yi mafarkin Abuja, kuma a layi ɗaya za ka samu Bahaushe, Tibi, Ibo, Bayarabe da Eggon, Musulmi da Kirista. Ku gaida kowa, ku je barka, ku je ta'aziyya. Ranar da wani abu ya taso kana ofis, maƙwabcin nan ne zai riga ɗan'uwanka na Wuse isowa.

14. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku sanar da tsohon mai gida da wuri, ku ɗauki hoton ɗakunan bayan kun kwashe kaya saboda kuɗin ajiyarku. Ku yi cinikin motar kaya kwana biyu kafin ranar, ku tashi Asabar da sassafe. Takardun makaranta, na asibiti, na fili da 'yan kunnen uwargida su zauna a jaka guda a hannunku, kada su hau bayan mota. Ku sa a wanke sabon gidan a yi feshin sauro tun jajibiri, a cika randa da jarkoki, a ɗaura gidan sauron yara kafin a fara kwance sauran ƙullin kaya.