Dajin da Ya Sake Tofowa: Kabon Nawa Yake Ajiyewa?

'Yan'uwa ɗalibai, musamman masu neman abin da za su yi furojet a kai, mu duba saura, wato gonar da aka bari ta huta har itatuwa suka sake tofowa. Mu a nan Zariya ba mu da kurmi irin na Kudu. Namu dajin na doka ne da maje da marke, kuma akasarinsa an taɓa sare shi. To, wannan sabon tofon yana da wani amfani kuwa?

Bishiya tana zuƙar iskar kabon dayoksaid, ta mayar da kabon ɗin itace. Kusan kashi 47 cikin 100 na nauyin busasshen itace kabon ne. Ke nan bishiyar da busasshen nauyinta ya kai kilo 1,000 tana riƙe da kabon kilo 470. Ninka shi da 3.67, ka ga ta janye iskar da ta haura kilo 1,700. Ranar da aka ƙona ta, mafi yawansa sama zai koma.

Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2016 kan dazuzzukan Latin Amurka ya nuna cewa a shekara 20 na farko sabon daji yana zuƙar kabon ninki 11 na tsohon daji, sai dai yakan ɗauki kimanin shekara 66 kafin ya kai kashi 90 na nauyin tsohon. Samaru da ruwanta bai wuce milimita 1,000 da ɗoriya a shekara ba, kada mu sa ran wannan saurin.

Ina ruwan yawan ire-iren itatuwa da wannan lissafi? Ai itace suna ya tara. Rimi da kuka ga girma, amma jikinsu sakayau. Ƙirya da marke kuwa nauyi gare su, don haka a girma ɗaya sun fi riƙe kabon. Shi ya sa ma masu gawayi suka fi farautar su. Sannan idan iri ɗaya ne a fili, kamar turare zalla, cuta guda ta isa ta gama da shi.

Awon ba wuya. Ware fili mita 20 sau 20, rubuta sunan kowace bishiya, auna kewayen gangar jikinta a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, raba da 3.14, ka sami kaurinta. Da kauri da tsayi da nauyin irin itacen ake ƙiyasta nauyin bishiya. Lambun tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello wuri ne mai kyau na koyon sunaye.

A Maraɗi, tun 1983 manoma suka rungumi sassaben zamani: a bar kututture ya tofo, a rage rassa, a reni masu ƙarfi. Doka ma daga saiwa take tofowa. Buhunan gawayin da muke gani a Sabon Gari daga wani daji suka fito, kuma sai an auna za a san abin da ya rage a can. Tef ɗin tela da littafi sun isa a fara.